Jitar Sale a Bikin Aujara

Ku matso, tunda kun cinye min inuwar baranda kuma ba ku da niyyar tashi. Jiya ina jin ɗayanku yana latsa waya yana cewa ai gyaran kayan sauti ba wani abu ba ne, a kalli bidiyo, a kwance sukuru, a ɗaura sabo, shi ke nan. Madalla! Ashe ni da na yi furfura a cikin hayaƙin dalma wasa nake ta yi ban sani ba. To bari in ba ku labarin aiki guda ɗaya. Sukurunsa ba su cika tafin hannu ba, amma sai da ya kai ni har Aujara da jakar kayan aiki a cinya.

A Kano na koyi sana'ar nan, wurin wani dattijo, Malam Hudu mai rediyo, Allah ya jiƙansa. Na daɗe a shagonsa ko sukudireba bai bari na taɓa ba. Aikina shara da hura gawayi, don in babu lantarki a garwashi muke gasa ƙarfen narka dalma. In an kawo rediyo sai ya kunna, ya dube ni ya ce, "Me ka ji?" In ce, "Ƙara na ji, Malam." Sai ya ce, "Jakin gidanku ma ƙara ya ji. Wace iri ce?" A nan na koyi cewa gurnanin wuta daban, shuuu ɗin tsufa daban, ƙaf-ƙaf ɗin wayar da ta kusa rabuwa da dalma daban. Mita ina da ita, ga ta can a rataye, ga filaya, ga ƙarfen dalma mai lantarki da ya fi wasunku shekaru. Amma har gobe kunne nake fara sawa kafin in ɗauki komai.

Da na dawo Dutse na buɗe wannan shago, babu irin mutanen da ban gani ba. Masu tallan magani da lasifikarsu ta shaƙe saboda ihu. Masu injin niƙa. Wani ladani daga Takur da ya kawo min amfilifaya lafiyayya ƙalau ya ce in gyara. Na ce, "Malam, me ya same ta?" Ya ce babu, kawai ta masallacin bayan layi ce ta fi tasa ƙarfi. Sai kuma makaɗan biki, waɗanda a lokacin su ne manyan abokan cinikina. Shekarar da aka hana taro saboda annoba ita ce ta kusa rufe min shago. Ba biki, ba suna, ba wa'azin kasuwa. Da naɗin fanka na ci abinci, har sai da yatsuna suka yi kanta. Da aka buɗe gari bukukuwa sun dawo, amma makaɗa ba su dawo ba. Yara masu kwamfuta da manyan sifikoki, waɗanda kuke kira di-je, su suka gaje filin. Wani makaɗin ya koma acaɓa, wani ya koma gona bai sake waiwayowa ba. Wanda ya rage min shi ne Sale.

Sale taubashina ne, ɗan kawuna, mutumin Buji, saboda haka ba a shiga tsakaninmu in muna zage-zage. Da damina gero yake nomawa, da rani ya yi kiɗa. Yana da wata jar jita mai lantarki da ya saya tun yana saurayi a hannun wani mutumin Nijar, yana kiranta Hajiya. Ya fi kula da ita fiye da kansa. Ni dai amfilifayarsa nake gyarawa da wayoyi, cikin Hajiya kuwa bai taɓa yarda an leƙa ba.

Wata safiya bayan an gama girbi sai ga shi a kan mashin, ya naɗe jitar a zanin matarsa, fuska a murtuke.

"Taubashi, Hajiya ta shaƙe."

Na ce, "Ka ba ta zuma da lemon tsami."

"Bar wasa, don Allah. Asabar muna Aujara."

Da ya zauna sai na gane dalilin murtukewar. Wani dattijo ne a Aujara, Alhaji Mati, babban manomi, zai aurar da ɗansa. Abokan ango sun kafe sai di-je, shi kuma Alhaji ya buga ƙasa ya ce a gidansa Sale ne zai yi kiɗa. A duk yankin nan gidan Alhaji Mati ne kaɗai babban gidan da bai daina kiran Sale ba. In jitar ta ba da kunya ranar Asabar, to Alhaji ya ji kunya a gaban yara, kuma Sale ya rataye Hajiya ke nan har abada. Shi da kansa ya faɗa min haka, bai ɓoye ba.

Yanzu ku buɗe kunne, masu bidiyo. Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo irin na garaya da zai ɗauki sauti. Katako ne tilis. Abin da ke jin motsin tsirkiya wani ɗan abu ne da ke kwance a ƙarƙashinta, fikof ake ce masa. Maganaɗisu ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi. Akwai na wajen wuya, akwai na wajen jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a gindin jita. Na wuya muryarsa kauri gare ta, daɗi a ɗaki, amma a fili da kalangu ya tashi, mata suka rangaɗa guɗa, sai ka neme shi ka rasa. Na jaki shi ne mai kaifi, shi yake ratsa hayaniya ya kai har bayan gari. Shi ne kuwa ya mutu a jikin Hajiya. Na ɗora masa mita, allura ko gezau.

Sale ya rantse ruwa bai taɓa taɓa ta ba. Na ce, "To gumin da kake tsiyayarwa a kanta tun kafin a yi kwalta a garinku fa, man shanu ne?" Gefen hannunsa a daidai wurin yake kwanciya, gishirin gumi ya bi ya cinye wayar. Sai daga baya ya amsa cewa uwargidansa ma takan turara jitar da turaren wuta duk ranar biki, don ta yi ƙamshi a gaban mutane. Na ce Allah ya saka mata, ta ƙarasa abin da ka fara.

Na jawo kwalin da ke ƙarƙashin tebur. A ciki ina da fikof guda biyu da na ciro daga matattun jitoci da na taɓa saya a Sabon Gari a Kano. Ɗaya siriri, irin wanda ya mutu. Ɗaya kuma ƙato, mai naɗi biyu a haɗe. Sale ya ɗauki wannan a dama, wancan a hagu, yana jinjina su kamar mai zaɓen kankana.

"Mai nauyin nan za a sa. Ka ji ƙarfe."

Na ce, "Yau dai ka yi daidai, amma ba don hankalinka ba."

Siririn muryarsa ta fi zaƙi, gaskiya, amma ɗan gulma ne, komai sai ya ji. Wayar wuta in ta wuce kusa, janareto in yana aiki, duk sai ya kwaso ya zuba a sifika, ka ji gurrr a ƙarƙashin kiɗa. Da can Sale da batirin mota yake kunna amfilifaya, babu ruwansa da wannan. Yanzu kuwa kowane biki da inji ake yi, wayoyi a jone ta ko'ina. Shi ƙaton naɗinsa biyu suna saɓa wa juna, abin da wannan ya kwaso na gurnani wancan sai ya kashe shi. Ga bikin fili da janareto babu ma abin tattaunawa. Muka shirya a kan ƙaton, na sassauta tsirkiyoyi, na ɗauki sukudireba.

A sukurun farko na murfin robar da ya rufe cikin jitar na tsaya. Kansa duk a cinye yake, na biyu ma haka, na uku haka.

"Wa ya taɓa buɗe ta?"

"Babu."

"Sale, ji tsoron Allah. Wannan ba aikin sukudireba ba ne, bakin wuƙa ne."

Ya sake rantsewa. Na lallaɓa na fitar da su da ƙyar, na ɗaga murfin. A ciki ramin katakon yana da faɗi, siririn fikof ya ci rabi, rabin kuma da ya kamata ya zama fanko ba fanko ba ne. Wata 'yar laya ce a kwance, an manne ta da ƙaro a jikin katako, daidai gindin jaki. Fatar ja ce amma ta yi baƙi don tsufa. Ɗinkin da koren zare aka yi shi, bibbiyu, a karkace.

Ba wanda ya tambayi wani. Mu duka mun san wannan ɗinkin. Kawu Ila ne, mahaifin Sale, wan mahaifiyata. Makaɗin garaya ne na gaske, shi yake yi wa manoma kiɗa a wurin gayya, kuma kowace garayarsa da irin wannan layar a gindin jakinta, shi yake ɗinka kayarsa. Ranar da Sale ya shigo gida da jar jita, Kawu ya ce ba a gidansa ba, ɗan mai garaya ba zai riƙe katakon Nasara ba. Ya ƙwace ta ya jefa a rumbu ya kulle, ta yi damina guda a ciki. Da kaka ya fito da ita ya jingine a ƙofar ɗakin Sale ya wuce abinsa. Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa zuwa inda Sale yake kiɗa ba, in ya ji sautin ma canja hanya yake yi.

Sale ya sauka daga benci ya zauna a ƙasa. Can ya ce, "Ashe buɗe ta ya yi."

Tausayinsa ya kama ni, na kuma tuna kawuna, idona ya kawo ruwa. Na ce masa hayaƙin dalma ne. Ya dubi ƙarfen ya ga ko jona shi ban yi ba, amma ya ƙyale ni.

To ga inda aikin ya tsaya. Ƙaton fikof ba zai shiga ba sai an cire layar, don wurinta shi ne wurinsa. Na ce a ɓamɓare ta a hankali ya rataya a wuya. Ya girgiza kai. Na ce a ɗaure ta a igiyar da yake rataya jitar. Ya ce a'a. Na ce to a manna ta a baya, ai duk jikin Hajiya ne.

"Inda ya sa ta nan za ta zauna. Da wuyana yake nufi da ya rataya min."

"Siririn zai yi gurnani fa."

"Ya yi."

"A gaban Alhaji Mati! Yaran nan jira suke ka yi tari su kunna nasu."

"Ba kai ne mai gyara ba? Gyara."

Ka ji min mutum! Na zage shi, na zagi mutanen Buji kaf da taurin kansu, ya zauna yana kallona. Ni ba ruwana da abin da ke cikin laya, malamai sun yi maganarsu a kai, Sale ma ba jira yake ta kaɗa masa tsirkiya ba. Hannun babansa ne a wurin, ba zai ɗaga shi ba. Da na ga haka sai na mayar da ƙaton cikin kwali, ina ƙunƙuni.

Duk dabarar da na sani sai da na yi wa siririn nan na cikin kwali. Na narka kakin zuma a gwangwani na tsoma shi a ciki har ya daina fitar da kumfa, don kada ya riƙa kuwwa. Na samo takardar azurfa ta cikin kwalin ganyen shayi na shimfiɗe ramin da ita, na zagaye layar ban taɓa ta ba, na haɗa takardar da wayar ƙasa mai shanye gurnani. Na yi dalma mai tsabta. Na daidaita tsayinsa, don in ya matso kusa da tsirkiya da yawa maganaɗisu sai ya riƙe ta, in ya yi nisa murya ta yi sanyi. Da muka gwada a shago, wallahi Hajiya ta yi kuka mai daɗi, har mai shayin can ya leƙo. Sale ya washe baki. Na ce kada ka yi saurin murna, shago daban, fili daban. Gurnanin ya ragu amma yana nan a laɓe, ina jin sa. Shi ya sa na ce ranar Asabar da ni za a tafi.

Bayan la'asar aka fara taro a ƙofar gidan Alhaji Mati. An kafa rumfa, manya sun jeru a kujerun roba a sahun gaba, Alhaji a tsakiya da babbar riga. Janareton na wani mai walda ne aka aro, yana bayan katanga, an jawo wayarsa ta saman rumfar, an jojjona mata fankoki saboda manya, daga nan kuma aka ba mu wuta. A gindin wata darbejiya kuwa ga a-kori-kura ɗauke da sifikoki, abokan ango sun jingina da ita suna murmushi. Ashe sun zo da di-jensu, ko da za a buƙata.

Sale ya rataya Hajiya, ya fuskanci manya, ya rusuna, na murɗa amfilifaya. Gurrrr! Kamar an tada injin niƙa a tsakiyar fili. Yaran gindin darbejiya suka kwashe da dariya, wani har da tafi. Na ga gumi ya karyo wa Sale. Na ce a matsar da janareto, mai walda ya ce wayarsa iyakarta ke nan. Na ce mu mu ja baya, tamu wayar ma ta ƙare.

Abu ɗaya ya rage. Irin wannan fikof gurnaninsa yana bin inda ya fuskanta. Na kama kafaɗun Sale na fara juya shi a hankali, kamar mai neman tasha da eriya. Ya ragu kaɗan. Na ƙara juyawa, ya ƙara raguwa. Na ƙara, sai tsit, kamar an ɗauke wuta. Jikinsa ya shiga tsakanin jitar da wayar rumfa ya tare. Na ce alhamdu lillahi, na ɗaga kai, sai na ga aika-aikar da na yi. Sale ya ba manya baya sarai. Abin da ke gabansa zana ce da rumbu da wasu awaki a ɗaure.

Ya yi min raɗa, "Taubashi, ka kashe ni. Makaɗi ya juya wa ubangidansa ƙeya?"

Na ce, "Ko ƙeya ko injin niƙa, zaɓi ɗaya. Ni na gama nawa."

Ya gyara igiyar jitar a kafaɗa. Sannan ya ɗaga wa mai kalangu kai, ya runtse ido don kunya, ya saki tsirkiya.

Kai, jama'a! Ban taɓa jin Hajiya ta yi magana irin ta ranar ba. Siririn nan ya fito tas, da kaifi, ya haye kan kalangu ya zauna. Amma a rumfa ba kiɗan ake ji ba, ƙeyar ake kallo. Aka fara gunaguni. Wani mai rawani ya ce, "Wannan wane irin wulaƙanci ne?" Wani ya ce ai dama makaɗan yanzu ba su da tarbiyya. Na waiga na ga yaran darbejiya sun fara sauke sifika ɗaya daga mota.

Alhaji Mati ya yafito ni da hannu. Na je na durƙusa.

"Kai ne mai gyaran?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Me muka yi wa mutumin naka?"

"Ba ku yi masa komai ba, Alhaji. Wayar da ke saman rumfar nan ce. In ya fuskance ku jitar gurnani za ta yi, in ya ba ku baya ta yi yadda kuke ji. Wallahi shi ma kunya kamar ta kashe shi."

Alhaji ya karkata kai ya saurara. Yatsunsa na ga suna bugun gwiwa. Ya dubi fankar da ke kaɗa masa iska, ya dubi ranar da ke waje, wadda har lokacin ba ta yi sanyi ba. Sai ya ce, "To ai fuskar tasa ma ba wani kyau gare ta ba, amma bai kamata awaki su riga mu gani ba."

Ya tattare babbar riga ya miƙe. Wani ya zabura zai ɗaukar masa kujera, ya ture hannunsa. Da kansa ya ɗauki kujerar roba, ya fita daga inuwa, ya zagaya ta gefen mai kalangu, ya dasa ta a tsakanin Sale da rumbu. To wa zai zauna a inuwa mai gida yana rana? Mai rawanin da ya yi maganar wulaƙanci shi ne na biyu. Sai ga manya a jere, kowa da kujerarsa a hannu, riguna suna jan ƙasa, ana koran awaki ana gyara zama. Mata suka biyo ta ɗaya gefen da guɗa. Rumfa ta zama fanko, fankoki suna ta kaɗa wa tabarmi iska. Yaran darbejiya suka tsaya da sifika a hannu, ba su sauke ba, ba su mayar ba.

Duk wannan Sale bai sani ba, idonsa a rufe yake gam, yana ta kiɗa yana jiran a zo a zare masa waya. Sai da ya kai ƙarshen waƙar ya buɗe ido, yana zaton awaki zai gani. Ya ga Alhaji Mati a gabansa, rana tana dukan goshinsa, mutanen Aujara a bayansa har bakin zana. Hannunsa ya tsaya cak a kan tsirkiya.

Alhaji ya share gumi da hannun riga ya ce, "Ci gaba mana, ɗan Malam Ila. Ga mu mun zo."